Jarin da Ba A Rufe Wa Iyaka

Jawabin da aka gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Mai girma shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu dattawan kasuwa, malamanmu, alhazai da hajiyoyi, direbobi da dillalai da 'yan canji, da yaranmu masu tasowa da ke zaune can baya, muna yi wa kowa barka da ganin wannan rana. Waɗanda suka taso daga Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, da waɗanda suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, sannunku da hanya. Waɗanda aka kafa ƙungiyar nan da su, yau kuma ba sa cikinmu, Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan.

Kwamitin shirye-shirye ya ce a bana kada a tsaya kan kuɗin wata da yawan shingaye a hanya, tunda waɗannan kullum muna kansu. Aka ce mu taɓo abin da ke cikin kan ɗan kasuwa. Kowa a nan ya san mutum biyu da suka fara da jari kusan ɗaya, suna bin hanya ɗaya, suna ɗaukar kaya iri ɗaya. Aka rufe iyaka, ta rufe musu tare. Yau ɗaya yana nan da motocinsa, ɗaya kuwa sai dai a tambayi labarinsa. Arziki na Allah ne, wannan babu mai musu. Amma a cikin sabubban da Allah ya sanya akwai biyu da muke so mu duba tare: iya juya tunani idan al'amari ya juya, da iya zama da mutane, musamman mutanen da kuke neman kasuwa ɗaya da su.

Bari mu tuna abin da hanyar nan ta gani. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Najeriya ta sauya launin takardun naira ta kuma rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Wanda ya kwana da buhun tsohuwar naira a Maraɗi ya wayi gari da takarda. Abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan shugaban Najeriya na lokacin. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, faran Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. A Agusta 2019 aka sake rufewa, sai Disamba 2020 aka fara buɗe Illela da Maigatari. Sai 2023, wadda ta zo da nata a jere: ƙarancin takardun naira a farkon shekara, cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, sakin naira a Yuni, juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, da rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Gadar Gaya ta toshe, kayan Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso.

Abin lura shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya juya akalar riba. Kayan da jiya ake kaiwa arewa a ci riba, yau sai an kawo su kudu. Mai sana'ar jarkokin fetur ya kwanta yana da sana'a ya tashi babu. Saboda haka duk wanda ke zaune a zauren nan ya riga ya nuna yana iya juyawa, in ba haka ba da ba mu gan shi ba. Ai mutumin da zai ji an ce dala ɗari biyu, nan take ya san jika ce, ya mai da ita naira a farashin safiyar yau, ya cire la'ada da kuɗin mota duk a ka, kafin mai kalkuleta ya gama latsawa, ba za a koya masa saurin lissafi ba. Matsalar tana wani wuri dabam, kuma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano inda take.

A 1942 wani masani a Amurka, Abraham Luchins, ya yi wani gwaji da tuluna uku. Ya ce wa mutane: ga tulu mai cin mudu 21, ga mai cin 127, ga mai cin 3, ku auno mini mudu 100 na ruwa. Bayan ɗan tunani sai a gano hanya: a cika babban, a zuba a matsakaicin sau ɗaya, a zuba a ƙaramin sau biyu, abin da ya rage 100 ne. Ya ba su wasu tambayoyin a jere, dukkansu da wannan hanya ake warware su, har hannunsu ya faɗa. Sannan ya ce: ga tulu mai 23, ga mai 49, ga mai 3, ku auno 20. Mafi yawansu suka sake bin doguwar hanya, suka cika na 49 suna ragewa, alhali da sun cika na 23 sun zuba 3 a ƙaramin an gama. Daga nan ya ba su wadda tsohuwar hanya ba ta yi mata sam: 28 da 76 da 3, a auno 25. Da yawa suka kasa. Mutanen da ba a fara ba su tambayoyin farko ba kuwa, kallo ɗaya suka yi suka ce a cire 3 daga 28.

Ku duba wanda ya kasa a nan. Wanda ya saba cin nasara ne. Hanyar da ta yi masa aiki sau biyar ita ta rufe masa ido a karo na shida. Luchins ya kuma lura cewa idan aka matsa wa mutane da gaggawa, makantar tana ƙaruwa. Idan kuma aka tsayar da su aka ce su buɗe ido kafin su ci gaba, da yawa sukan hango gajeriyar hanya. Wannan shi ne Alhajin da ya shekara ashirin yana cin riba a shinkafar Kwatano. Ranar da hanyar ta mutu, gwanintarsa ce ke hana shi ganin waken da ke tare a ƙofar gidansa ana nemansa a Dawanau. Yaron da ya shigo kasuwa bara shi zai gani, don ba shi da tsohuwar hanyar da za ta tsare masa gaba. Don haka, iyayenmu, idan yaro ya kawo shawarar da ta yi kama da wauta, a bar shi ya kai aya kafin a ce masa yaushe aka haife shi.

Kakanninmu fatake sun san wannan darasi tun kafin a rubuta shi. Ayarin goro ya shekara aru-aru yana zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892, fatake suka bi goro zuwa wasu kasuwanni. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin Agalawa, ya tashi a cikin fataucin goro na ƙafa da jaki, wata da watanni a hanya. Amma yana cikin na farko da suka ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawa suna sa ran auduga, manoma suka karkata ga gyaɗa, shi ma ya karkata, har ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Ya sauya kaya, ya sauya hanya, ya sauya abokan ciniki. Abin da ya sa manoma da wakilansa na ƙauyuka suka bi shi duk inda ya juya shi ne sun san maganarsa ɗaya ce. A nan ne ake rarrabe mai juya tunani da mai baki biyu, domin a kasuwa akwai masu sauya alkawari da zarar farashi ya motsa, su kuma kira abin wayewa. Wannan ba shi muke yabo ba.

Akwai wani abu kuma da ke ɗaure tunani, wanda ya fi sabo ƙarfi, shi ne zafin asara. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna a 1979 cewa zuciyar mutum ba ta auna riba da asara da mudu ɗaya. Ciwon rasa jika goma ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun jika goma. Abin da ke biyo baya kuwa shi ne, mutumin da ya ga asara a gabansa yakan yarda ya yi kasada mafi girma don kawai kada ya amsa cewa ya yi asara. Masu albasar Galmi sun fi kowa sanin wannan. An tsare mota a hanya kwana huɗu, an iso kasuwa ta cika, ana tayi ƙasa da uwar kuɗi. Hankali ya ce a sallama yau a tsira da kashi takwas cikin goma. Zuciya ta ce a jira jibi. Jibi buhu ya fara ɗiga, mako na zagayowa sai a biya 'yan dako su kwashe a zubar.

Mu a wurinmu abin ya haɗu da kunya. Mutum ya fi tsoron a ce wane ya karye fiye da karyewar kanta, sai ya ci bashi ya rufe bashi don a ci gaba da ganinsa da babbar riga. Wasu masana sun gwada manoman rake fiye da 400 a kudancin Indiya, aka buga sakamakon a 2013. Mutum ɗaya aka gwada sau biyu, kafin girbi lokacin da bashi ya yi masa katutu, da bayan girbi lokacin da kuɗi suka shigo. Kafin girbi ƙwaƙwalwarsa ba ta aiki kamar bayan girbi. Damuwar bashi tana cinye wani kaso na hankalin mutum, kamar yadda rashin barci ke yi wa direba. Ma'anar wannan a gare mu a fili take: ranar da ɗan'uwa ya fi bukatar yanke shawara mai kyau, ranar ce kansa ya fi rauni, kuma ranar ce yake ɓoye wa kowa. Idan ƙungiya tana da wani amfani bayan karɓar kuɗin wata, to ya kamata a ce akwai dattijo biyu ko uku da mutum zai iya zuwa wurinsu da dare ya buɗe musu littafinsa, ya tabbata gobe ba zai ji zancen a tasha ba. Hajiyoyinmu sun riga mu a nan. Ta hanyar adashi sun san halin da kowace take ciki, kuma mun lura sun fi maza saurin barin kayan da ba sa tafiya su kama wasu, wataƙila don ba su ɗaura girmansu a kan buhu ba.

To, mu zo kan zama da mutane.

Sana'armu tana da wani hali da ba kowace sana'a ke da shi ba. Mutumin da kuka haɗa kuɗi kuka ɗauki tirela ɗaya, kuka tsaya tare a gaban duwan da kwastam, kuka ci tuwo a kwano ɗaya a Ɗan Isa, shi ne gobe zai kasa kayansa kusa da naka a kasuwar Jibiya yana kiran mai sayen da kake kira. Da safe abokin tafiya, da rana abokin hamayya, da dare kuma wataƙila surukinka ne. Wanda bai iya riƙe waɗannan a zuciya ɗaya ba, ɗayan biyu ne: ko ya ɗauki kowa abokin gaba ya rasa mai haɗa mota da shi, ko ya ɗauki kowa ɗan'uwa a cinye shi.

Wani malamin jami'ar Mishigan, Robert Axelrod, ya so ya san wace dabara ce ta fi riba a irin wannan zama. A wajajen 1980 ya shirya gasa a kwamfuta. Wasan mai sauƙi ne: mutum biyu, kowa zai zaɓa ko ya riƙe amana ko ya ci amana, ba tare da ya san abin da ɗayan ya zaɓa ba. In duka sun riƙe, kowa ya samu daidai gwargwado. In ɗaya ya ci amana ɗaya ya riƙe, macucin ya kwashi mai yawa, ɗayan ya tashi a tutar babu. In duka sun ci amana, kowa ya samu ɗan kaɗan. Za a maimaita sau 200. Masana suka aiko da dabaru 14, wasu masu tsawo cike da wayo da tarko. Wadda ta ci gasar ita ce mafi gajarta, ta wani masani Anatol Rapoport: ka fara da amana, daga nan kuma ka yi wa mutum abin da ya yi maka a karon da ya wuce. Aka sanar da kowa sakamakon, aka sake gasa da dabaru 62, kowa ya san abin da zai kayar. Ita ta sake ci.

Da Axelrod ya duba dalili, sai ya ga dabarar ba ta taɓa fara cuta, ba ta barin cuta ta wuce ba ramuwa, tana komawa amana da zarar ɗayan ya dawo, kuma kowa yana gane ta da wuri, ba a ruɗewa a kan halinta. Amma abin da ya fi ba mu mamaki shi ne wannan: a cikin dukkan karawar da ta yi, babu abokin wasa ko ɗaya da ta fi shi maki a tsakaninsu su biyu. Ko su yi kunnen doki, ko ya ɗan fi ta. Ta zo ta ɗaya ne a jimla, saboda duk wanda ta zauna da shi sun ci riba tare, masu wayo kuwa suka yi ta ƙona junansu. Jama'a, a nan hassada ke kashe ɗan kasuwa. Akwai wanda in an gama ciniki ba ya tambayar nawa na samu, sai nawa wane ya samu a kaina. In ya ji dillali ya ci la'ada mai kauri sai barci ya gagare shi, ko da shi ma ya ci riba. Gobe ya zagaye dillalin, jibi ya rasa wanda zai kira shi ya ce kada ka taso, kasuwa ta faɗi.

Masanan da suka biyo baya sun ƙara wani abu da ya shafe mu ƙwarai. A gasar farko babu kuskure, abin da aka aika shi ke isa. Da aka sa kuskure a ciki, wato wani lokaci mutum ya yi niyyar amana amma saƙon ya isa a matsayin cuta, sai dabarar ramuwa ta shiga uku. In masu ramuwa biyu suka haɗu, kuskure ɗaya ya isa su yi ta rama wa juna ba iyaka. Dabarar da ta fi a wannan hali ita ce mai yafe wani kaso, mai cewa bari in ga karo na biyu tukuna. Hanyarmu kuwa cike take da irin wannan kuskure. An tura kuɗi, sabis ya ɗauke, ba su shiga ba sai bayan kwana uku. Direba ya kwana biyu a shinge, waya ba caji. An ce dala, wancan ya ji naira. Sau nawa aka raba abokan ciniki na shekara goma a kan abin da in an bincika babu wanda ya yi niyyar cuta? Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka nemi dalili biyu ko uku da za su iya sa abin ya faru ba da mugun nufi ba, ka kira shi ka ji. Wannan ma juya tunani ne, kuma ya fi na lissafin canji wuya. Amma fa a ji mu da kyau, wanda ya maimaita sau uku ba kuskure yake ba, kuma ƙyale shi zalunci ne ga sauran 'yan ƙungiya da zai je ya taɓa.

Duk wannan lissafi yana tsayawa ne a kan sharaɗi ɗaya: a san za a sake haɗuwa. In karo ɗaya ne a rabu, macuci ne ke ci. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin cinikin shanu da goro, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya gani ya ɗaure masa kai: Bahaushe ya kawo shanu daga arewa, a sayar wa mahauta Yarabawa bashi, babu takarda babu kotu, kuma kuɗi su fito. Sirrin shi ne maigida. Shi ke saukar da baƙo, dillalansa sun san kowane mahauci da nauyin da zai iya ɗauka, in mahauci ya ƙi biya maigida ne zai biya daga aljihunsa, mahaucin kuma ya rasa mai ba shi bashi a kasuwar gaba ɗaya. Baƙon da zai zo sau ɗaya a shekara ya shiga inuwar mutumin da ke nan kullum.

Yau waya ta canza wannan. Wata masaniya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shiga gari-gari, ta ga bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wato ribar da ake ci da a kan na san farashin Maigatari kai ba ka sani ba, ta ragu, kuma tana ƙara raguwa. Manomi a ƙauye yana jin farashin Dawanau kafin ka sauke buhu. Ɓoye wa ɗan ƙungiya farashi yanzu wahalar banza ce, zai ji a WhatsApp kafin la'asar, abin da zai rage masa shi ne ya san ka ɓoye. A ɗaya gefen kuma wayar ta kawo ciniki da mutumin da ba ka taɓa gani ba, ba ka san maigidansa ba, ba ka san unguwarsu ba, hoton kaya kawai da lambar asusu. Yaranmu su suka fi faɗawa wannan rami. Aikin da maigida ya yi a Sabo, yau ƙungiya ce za ta yi shi ko kuwa babu mai yi.

Wani ɓangare na iya zama da mutane shi ne sanin lokacin da za ka sassauta alhali kana da ikon matsawa. An yi wani gwaji a Jamus a 1982, aka kuma maimaita shi a ƙasashe da dama. A ba mutum kuɗi a ce ya raba da wani. In wancan ya karɓa kowa ya tafi da rabonsa, in ya ƙi duka su tashi babu. Lissafi ya ce ko nawa aka ba shi ya karɓa, tunda ya fi babu. Amma mutane da yawa in aka miƙa musu kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka sukan ƙi, su gwammace su rasa don mai rowar ma ya rasa. Ɗan Adam yana biyan kuɗi don ya rama wulaƙanci. Lokacin da aka rufe iyaka, makiyayi ya tsaya da raguna suna ramewa, ba abinci ba hanyar komawa, wanda ya taya masa rabin kuɗi ya samu, don ba shi da zaɓi. Amma iyaka ta buɗe, kuma makiyayin bai manta ba, 'yan garinsu ma ya gaya musu. Shi ya sa cinikinmu na gargajiya yake da ladabinsa. Mai kaya ya ce albarka, ba ya ce ba ka da hankali. A ja, a saki, a sa dillali a tsakiya don kada ido ya haɗu da ido a kan kuɗi, a ƙare da Allah ya sa albarka, a ƙara gyara. Duk wannan don kowa ya tashi da mutuncinsa ne, a iya sake zama gobe.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, wadda ta fi yawa a gaban kwamitin sulhu tun faɗuwar naira: bashin da ya ratsa canji. Kafin Yuni 2023 dalar Amurka a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a Fabrairu 2024 ta haura 1,500, sefa kuwa tana ɗaure da yuro ba ta motsa ba. Mu ɗauki misali. Mutumin Maraɗi ya ba mutumin Kano wake bashi a kan naira miliyan 12, ranar da jika take naira 1,200. A lissafinsa sefa miliyan 10 ke nan. Aka yi jinkiri, ranar biya jika ta koma naira 2,400. Na Kano ya kawo miliyan 12 cif, ya ce ga amanarka. Na Maraɗi ya canza ya ga sefa miliyan 5. Wannan ya rantse ya biya, wancan ya rantse an cinye masa rabin jari, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Kowannensu yana auna abin da tulun da ya saba da shi.

Irin wannan shari'a ba ta warwaruwa sai kowane ɓangare ya iya tsayawa a inda ɗayan yake tsaye ya yi lissafin da kuɗin ɗayan. Mun ga inda aka zauna aka duba wa ya jawo jinkirin. In rufe iyaka ce ta tsare kaya, aka raba asarar. In mai bashi ne ya juya kuɗin ya ci riba da su wata shida, aka ce ya ɗauki kaso mafi yawa. Waɗanda suka yarda da haka suna ciniki da juna har yau. Mun kuma ga inda kowa ya kafe, zance ya tashi daga wane da wane ya koma ku 'yan Najeriya, ku 'yan Nijar. Wannan ita ce magana mafi haɗari da za a iya furtawa a ƙungiya irin tamu, musamman a lokacin da gwamnatocinmu ke saɓani, Nijar ma ta fice daga Ecowas a Janairu 2025. Mai sarautar Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. Wanda ya ci amanarka mutum ɗaya ne mai suna, a kira shi da sunansa a gaban kwamiti, a bar ƙasarsa ta huta.

Saboda haka muna gabatar wa majalisa abubuwan da muke roƙo a tattauna kafin a watse. Duk bashin da ya ratsa iyaka a rubuta shi, a faɗi da wane kuɗi za a biya, da ranar biya, da abin da za a yi in ranar ta wuce. Malamanmu suna nan, su za su yi mana bayanin abin da shari'a ta yarda da shi a nan da abin da ya zama riba haramtacciya, kuma sun sha tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Neman a rubuta ba zargi ba ne, kuma in dattawa suka fara yi a tsakaninsu yara ba za su ji kunyar nema ba. Kwamitin sulhu ya kasance da mutanen ɓangarorin biyu daidai, a sa mace aƙalla ɗaya da matashi ɗaya wanda ya san harkar tura kuɗi ta waya. Sannan a buɗe rajista a ofis inda ɗan ƙungiya zai iya tambaya a kan baƙon mai saye kafin ya ɗora masa kaya, da sharaɗin ba a shigar da sunan kowa a matsayin macuci sai an kira shi an ji ta bakinsa, kuma wanda ya biya ya gyara a goge sunansa.

Sakatare yana da kwafin waɗannan shawarwari da Hausa da Faransanci da Turanci, za a raba bayan sallar azahar, sannan a buɗe fili ga mai gyara ko ƙari. Masu Ƙonni da Illela sun roƙa a fara da su saboda nisan hanya, shugaba kuma ya amince.